Tun da na canza furosesa, kwamfutata sai ta ga dama take tashi

Abba_Yelwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ina Garwa a arewacin Kamaru, ina da ɗan shago inda nake haɗa bidiyon biki da suna, ina kuma gyaran hotuna. Kwamfutar da nake aiki da ita ThinkPad T430 ce, ta zo da furosesa (ƙwaƙwalwar da ke yi wa kwamfuta lissafi) i5-3320M. Da aiki ya fara yi mata yawa, musamman wajen fitar da bidiyo, sai na sa aka kawo mini i7-3630QM na hannu daga ƙetaren iyaka, wani yaro mai gyara a unguwarmu ya ɗora mini. Ranar da aka sa shi ta tashi lafiya, saurin ma kowa ya gani. To amma tun daga nan abin ya rikice. In na danna maɓallin kunnawa fitila za ta kama, fanka ta juya, amma allo baƙi ƙirin, ko tambarin kamfanin ba ya fitowa. Sai na danne maɓallin ta mutu, in sake. Wani lokaci ta tashi nan take, wani lokaci in yi ta fama. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne in dai ta tashi za ta wuni tana aiki ba tangarɗa, kuma in na sake tayar da ita daga cikin Windows ba ta ba ni wahala. Da safe abin ya fi tsanani, ko in na ɗauko ta a jaka a kan babur. RAM ɗinta (ma'ajiyar wucin gadi da take riƙe aikin da take yi) sanda biyu ne, 4 GB da 8 GB. Caja ta asali ce mai wat 65. Akwai aikin mutane a cikinta, don Allah wanda ya sani ya taimaka.

DanKusiri:
Wa alaikumus salam. Furosesan ne matacce. Ka mayar wa wanda ya sayar maka tun bai ce bai san zancen ba.

Malam_Bappa_Domayo:
Wa alaikumus salam Abba. Kafin komai, yau ɗin nan, in ta tashi ka kwashe bidiyon mutane ka zuba a wani faifan na waje. Gyara zai iya jira, amma amarya ba za ta sake yin wuni domin ka ɗauka ba.

DanKusiri, ban yarda da kai ba. Furosesan da ya mutu ba ya wuni yana fitar da bidiyo. Aikin da ya fi wahalar da shi ke nan, kuma yana yi. Matsalar Abba tana cikin daƙiƙun farko ne, kafin allo ya kama, kuma a wannan lokacin abin da kwamfuta take yi shi ne BIOS, wato 'yar manhajar da ke fara aiki da zarar an kunna, yana tayar da furosesa, furosesa kuma yana gwada RAM yana daidaita saurin da za su yi magana da juna. Tun wajen 2010 sashen da ke sarrafa RAM ya koma cikin furosesan Intel na laftof, ba a kan bod (babban allon da kayan ciki ke haɗe a kansa) yake ba kamar da. Ke nan duk wanda ya canza furosesa ya taɓa hanyar RAM, ko ya sani ko bai sani ba. Irin wannan furosesan ƙafafu 988 gare shi, kuma da yawa daga cikinsu na RAM ne. Ƙafa ɗaya ta ƙi zama daidai a raminta, sai ka ga yau ta haɗu gobe ba ta haɗu ba. Da safe ƙarfe ya huce ya ɗan tsuke, a kan babur kuma an girgiza ta. Bayaninka ya yi daidai da wannan.

A gefen gurbin furosesan akwai wani ɗan sukuru mai faɗin kai da ake murɗawa rabin zagaye ya kulle ƙafafun. Na sha buɗe kwamfuta in tarar an murɗa shi amma bai kai ƙarshe ba. Sannan sukurorin da ke danne ƙarfen sanyaya suna da lamba a jikinsu, 1 zuwa 4, a bi su a jere ana ɗaurewa kaɗan-kaɗan. In aka ɗaure ɗaya tamau kafin sauran, furosesan yana karkacewa.

Tambayata: in ta ƙi tashi, tana yin ƙara ko shiru take yi?

Hadiza_Dang:
Malam Bappa ya faɗi gaskiya kan kwashe aiki. Ni kuma tambayata, an sabunta BIOS kafin a sa sabon furosesan? A ajinmu an nanata mana cewa da tsohon furosesa ake sabuntawa, sannan a cire shi. Amma Yaya Abba kada ka ce za ka sabunta yanzu da take wannan halin. In ta tsaya a tsakiyar sabuntawa, ko aka ɗauke wuta, to sai an kai ta wurin mai na'urar rubuta cip.

Injiniya_Musa_Injamena:
Kowa ya tsallake abin da ke gabansa. Mutum ya ce cajarsa wat 65 ce. Tsohon furosesansa na wat 35 ne mai ƙwaya biyu (sassan lissafi biyu a cikinsa), sabon na wat 45 ne mai ƙwaya huɗu, kuma in ya ɗauki gudu na ɗan lokaci yana jan fiye da haka. Ga allo, ga faifai, ga batir yana neman caji. Ka ɗora wa jaki kayan raƙumi ka ce me ya sa yake turjewa. Nemi caja mai wat 90, bolt 20, mai zagayen baki irin taka. T430 ɗin da suka zo da katin hoto na daban ai da mai 90 aka sayar da su.

Malam_Bappa_Domayo:
Injiniya, caja mai 90 tana da amfani kuma ina goyon bayan ya saya. Amma ƙaramar caja abin da take jawowa shi ne kwamfuta ta rage gudu ko batir ya riƙa sauka alhali tana jone. Ba ta cika hana tambari fitowa ba, balle in akwai batir mai rai a jiki. A lokacin tashi furosesan bai fara jan wuta mai yawa ba tukuna.

Injiniya_Musa_Injamena:
Wa ya ce batirin yana da rai? Kwamfutar 2012 fa muke magana. Kuma wa ya auna cajar? An rubuta 65 a jiki ba shi ke nuna tana ba da 65 ba bayan shekarun da ta yi tana shan wutar janareta. Mu nan Injamena caja ba ta daɗewa. Gwajin ba ya cin ko sisi: ya gwada da batir kaɗai, ya cire batir ya gwada da caja kaɗai, ya haɗa su ya gwada. In akwai bambanci mun san inda za mu duba.

Malam_Bappa_Domayo:
Wannan kam na yarda. A yi gwajin.

Sadiya_Fotokofi:
Ni dai zafi nake zargi. Garwa fa ake magana, garin da a watan Maris da Afrilu ake haura digiri 40 a inuwa. Tawa ma in rana ta take sai ta mutu da kanta.

Hadiza_Dang:
Anti Sadiya, taki tana mutuwa ne bayan ta yi aiki ta ɗau zafi. Tasa da sanyin safiya take ƙin tashi, in ta yi zafi ma lafiya take. Matsala biyu ce daban. Amma ki sa a buɗe taki a share fanka. Ƙurar hunturu tana taruwa a bakin ƙarfen da iska ke fita ta zama kamar auduga, in an zare ta za ki ga ta fito a dunƙule.

Usmanu_Gidar:
Irin wannan ta taɓa samuna da wata laftof mai Pentium. Na sa mata i5, ta tashi, komai daidai, amma minti 30 cif sai ta mutu kamar an zare waya. In kunna ta sake yin minti 30 ta mutu. Na canza man sanyaya (wanda ake shafawa tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya), na canza caja, a banza. Daga baya wani ya duba ya ce cipset ɗinta (cip ɗin bod da ke haɗa furosesa da sauran kaya) HM70 ne, shi kuma Celeron da Pentium kaɗai aka yarje masa. Abba ka duba naka, kada kai ma abin da ya same ka ke nan.

Malam_Bappa_Domayo:
Usmanu, abin da ka faɗa kan HM70 gaskiya ne kuma yana da kyau mutane su sani kafin su kashe kuɗi. Amma bai shafi Abba ba. T430 cipset ɗinta QM77 ne, yana karɓar i7 na ƙarni na uku (zubi na uku na waɗannan furosesan Intel, irin na Abba) ba gardama. Inda mutane suke faɗawa rami shi ne T420. Gurbinta iri ɗaya ne da na T430, furosesan ƙarni na uku zai shiga ya zauna daram, amma cipset ɗinta QM67 ne kuma BIOS ɗin da ta zo da shi bai san shi ba, don haka ba za ta tashi ba ko sau ɗaya. Bambancin ke nan: abin da bai dace ba kullum ba ya aiki, ko kuma yana mutuwa a ƙayyadadden lokaci irin naka. Abin da yake yi yau ya ƙi gobe, wannan ka nemi inda wani abu bai haɗu sosai ba.

Abba_Yelwa:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Malam Bappa, na kwashe aikin mutane tun jiya da dare. Injiniya, na yi gwajin da ka ce. Batir kaɗai, caja kaɗai, duka biyun, ba bambanci, a kowanne takan tashi takan ƙi. Batun ƙara kuwa, yawanci shiru take yi, amma akwai lokacin da ta yi ƙara ɗaya, ta yi uku, ta sake uku, ta yi ɗaya. Hadiza, yaron ya ce bai taɓa BIOS ba.

Malam_Bappa_Domayo:
Madalla, ta faɗa maka ciwonta da bakinta. A ThinkPad ƙara ɗaya, uku, uku, ɗaya na RAM ne: ko ba ta gan shi ba, ko ta kasa magana da shi. Yanzu a bi a hankali. T430 gurbin RAM biyu gare ta, ɗaya a ƙasa bayan ɗan murfi, ɗaya a ƙarƙashin kibod. Wanda ya canza furosesa dole ya cire kibod, don haka hannunsa ya bi ta kan na cikin. Cire caja, cire batir, danne maɓallin kunnawa kamar daƙiƙa 30 ragowar wutar ta fita. Zare sandunan biyu, ka goge bakin zinaren da abin goge fensir mai tsabta, ka kaɗe burbushin, ka mayar da sanda ɗaya tak. Ka shigar da ita a karkace har bakin zinaren ya ɓace, sannan ka danna ƙasa ka ji maƙallan gefe biyu sun yi ƙas. Ka bar ta haka ka ga safiya. Sannan ka sauya gurbi, sannan ka sauya sanda. Abu ɗaya za ka riƙa canzawa a lokaci guda, ka rubuta a takarda. Masu canza abu uku a tare ko sun gyara ba su san me ya gyaru ba.

DanKusiri:
To ai maganata ce ta dawo. Malam da kansa ya ce mai sarrafa RAM yana cikin furosesa. In wannan sashen ya samu rauni, furosesan ne ke da laifi.

Malam_Bappa_Domayo:
Zai iya yiwuwa, ban kore ba. Amma shi ne na ƙarshe da zan zarga, domin shi ya fi tsada kuma shi ya fi wuyar lalacewa.

Alhaji_Garba_Baladji:
Ni abin da ban gane wa yaran yanzu ba ke nan. Kwamfuta tana aiki lafiya, sai a je a buɗe cikinta. Da kuɗin nan ka sayi SSD, faifan ajiya mai sauri, ka sa mata da ka ga saurin da ba ka taɓa gani ba, kuma ba abin da zai lalace. Duk kwamfutocin shagona haka na yi musu.

Abba_Yelwa:
Alhaji, Allah ya ƙara girma, akwai SSD a ciki tun bara. Yana sa ta buɗe da wuri, amma fitar da bidiyon awa biyu aikin furosesa ne. Lokacin biki mutane uku huɗu suna jiran nasu, kowa yana so ya tura wa dangi kafin baƙi su watse.

Alhaji_Garba_Baladji:
To na fahimta, ɗana. Aikinmu ba ɗaya ba ne, mu buga takardu ne. Allah ya sa a dace.

Nura_Kodin:
Wani abu da ba a taɓo ba: ina aka samo furosesan, kuma me aka rubuta a jikinsa? Akwai waɗanda ake kira na gwaji, waɗanda kamfani yake ba masu ƙera kwamfuta kafin a fitar da na kasuwa. Ba a yi su don sayarwa ba amma suna yawo a hannun 'yan kayan gwanjo, kuma da araha. Na kasuwa lambarsa tana farawa da S, a wannan ƙarnin za ka ga SR da wasu haruffa. Na gwaji tana farawa da Q. Ba sai ka buɗe ba ma, ka sauke manhajar CPU-Z mai nuna bayanan furosesa, in na gwaji ne sau da yawa za ka ga ES a gaban sunan, ko kuma sunan bai fito cikakke ba. Irin waɗannan sukan yi rigima da RAM. A shafin da ke nuna RAM kuma ka duba mana saurin kowace sanda.

Bello_Tongo:
Tun da ana maganar buɗe kwamfuta, gaskiya ne man goge baki yana maye gurbin man sanyaya? Wani ya ce mini haka yake yi.

Hadiza_Dang:
Don Allah kada ka yi. Ruwa ne a cikinsa, kwana kaɗan zai bushe ya zama gari, zafi ya daina wucewa.

Malam_Bappa_Domayo:
Bello, an kawo mini irinta, da na ɗaga ƙarfen har ƙamshin na'ana'a ya tashi, abin ya bushe ya farfashe. Man sanyaya na gaske ɗan sirinji ne, kuma ɗigo kaɗan ake sawa a kan gilashin furosesan bayan an goge tsohon da sifirit. Abba, wannan ya shafe ka ta wata fuskar. Ko an warware matsalar tashi, ka sa mai wat 45 a ƙarƙashin fankar da aka yi wa mai 35. Iyakar wannan furosesan digiri 105 ne, kafin ya kai can zai fara rage gudu da kansa. Yanzu da sauran sanyi ba za ka gani ba, sai bazara ta shigo. Ka sa manhajar HWiNFO ka riƙa kallon zafin lokacin da kake fitar da bidiyo. Da ni ka tambaya tun farko da na ce ka nemi i7-3632QM, shi ma ƙwaya huɗu ne amma wat 35, sai dai ya fi wuyar samu kuma ya fi tsada.

Sadiya_Fotokofi:
Ashe dai maganar zafin da na yi ba ta faɗi ƙasa ba.

Injiniya_Musa_Injamena:
Ba ta faɗi ba Hajiya, lokacinta ne bai zo ba. Kuma a bazarar ne ruwan madatsar Lagdo yake ja baya a shiga rabon wuta a arewacin Kamaru, kowa ya koma janareta. Shi ya sa har yanzu ina kan bakana, ya nemi caja mai 90 ta kirki ko da ba ita ce ta hana tashi ba. A kula da na jabu, za ka ji ta ba nauyi a hannu, kuma tana zafi tun ba a je ko'ina ba.

Yusufa_Almajirin_Gyara:
Ina karanta duk abin da ake rubutawa, kuma na ga kamar za a ɗora wa yaron da ya yi aikin laifi. Ni ma koyo nake yi a wani shago a Marwa. Sau da yawa furosesan na hannu a cikin leda ake kawo shi, ko a nannaɗe da takarda, ya sha hanya a aljihun direba. Kafin ya iso ƙafa biyu uku sun lanƙwashe. Mu miƙe su da bakin allura ko fensir mai ƙarfen baki, mu sa, ya tashi, mai kaya ya tafi yana murna. In ya dawo bayan sati sai a ce mu muka ɓata. Ba ina cewa ba ma kuskure ba ne, amma a riƙa tambayar yadda kayan ya iso.

Malam_Bappa_Domayo:
Yusufa, ka yi magana mai kyau, kuma ba wanda ya zagi yaron. Abin da zan ƙara maka shi ne, in ka ga ƙafa a lanƙwashe ka nuna wa mai kaya kafin ka taɓa, ya gani da idonsa. Sannan furosesan irin wannan ba a danna shi. Ka daidaita alamar kusurwa mai zinare da ta gurbin, ka sake shi, da nauyinsa zai faɗa. In sai ka danna ya shiga, to akwai ƙafar da ba ta miƙe ba, kuma dannawar tana iya buɗa ramin gurbin ya daina kamawa har abada. A ɗaga shi a hasken taga a kalli layukan ƙafafun ta gefe, wadda ta kauce za ta nuna kanta.

Ummi_Kakatare:
Ba a ambaci ƙaramin batirin agogo ba. Tawa ta yi irin wannan wasan, ashe shi ne ya mutu. CR2032 ne mai bolt 3, a ThinkPad an naɗe shi da roba mai ruwan ɗorawa da 'yar waya. Yaya Abba, in ta tashi kwanan wata yana nan daidai, ko yana komawa baya?

Abba_Yelwa:
Ummi, agogo daidai yake, bai taɓa komawa baya ba.

Ga abin da na samu zuwa yanzu. Nura, CPU-Z ya nuna sunan cikakke, ba ES. Amma sandunan ba iri ɗaya ba ne: ta 4 GB saurinta 1333 ne mai bolt 1.5, ta 8 GB kuma 1600 ce, DDR3L mai bolt 1.35. Na bi tsarin Malam Bappa. Da sanda ɗaya a gurbin ƙarƙashin kibod, ko wacce na sa, tana tashi kullum, har da safe, har bayan babur. Da na mayar da biyun sai ta koma halinta. Ban gwada gurbin ƙasa shi kaɗai sosai ba saboda aiki ya taso.

Nura_Kodin:
To ga shi nan. Sanda biyu masu saurin daban, bolt daban, kamfani daban. Dole BIOS ya nemo saurin da duka za su yarda da shi a duk lokacin da aka kunna daga mutuwa, wani lokaci ya dace wani lokaci ya kasa. Shi ya sa in ka sake tayarwa daga cikin Windows ba ta gardama, wutar ba ta yanke daga RAM ɗin ba. Sayi wata 8 GB irin taka sak, ka samu 16 GB wanda shi ne iyakar T430, ka huta.

Injiniya_Musa_Injamena:
Nura, amma waɗannan sandunan biyu sun zauna lafiya da tsohon i5. DDR3L tana aiki a bolt 1.5 ba matsala, kuma mai 1600 tana saukowa 1333. Me ya canza? Furosesa. Kada a sa bawan Allah ya sayi RAM ya dawo yana nan inda yake.

Nura_Kodin:
Mai sarrafa RAM ɗin ne ya canza ai. Wani yana haƙuri da sanduna mabambanta, wani ba ya yi, ko da lambarsu ɗaya.

Malam_Bappa_Domayo:
Ku biyun kowa yana da hujja, kuma gwajin da Abba bai ƙarasa ba shi ne zai raba gardamar. Kowane gurbi yana da tasa hanyar zuwa furosesa, da nasa rukunin ƙafafu. In sanda ɗaya a gurbin ƙasa ita kaɗai ta riƙa ƙin tashi, to ba rashin jituwar sanduna ba ne, hanyar ce: ko gurbin RAM ɗin, ko ƙafar furosesa, ko kullin da na faɗa tun farko. In kuwa ta tashi kullum a can ma, maganar Nura ta yi ƙarfi. Kuma ko da ta tashi, a sa MemTest86, manhajar gwajin RAM, a filashi a bar shi ya kwana yana zagayawa. RAM da ke kuskure a ɓoye yana iya ɓata fayil ɗin bidiyo ba ka sani ba sai mai biki ya kira ka.

DanKusiri:
Hanya mafi sauƙi a mayar da tsohon i5 a gani. In matsalar ta tafi an gama magana.

Abba_Yelwa:
Tsohon ba ya hannuna, an haɗa shi cikin cinikin ne aka rage mini kuɗi.

Hadiza_Dang:
Ko da yana nan ma, DanKusiri, mayar da shi ba zai raba gardama gaba ɗaya ba. In an cire an sake sawa an kulle da kyau, ba za a san ko furosesan ne ko zaman da ya yi ba. Sai an fara sake zaunar da i7 ɗin tukuna.

Alhaji_Garba_Baladji:
Ni tambaya ce da ni a gefe. An ce Windows 10 an daina sabunta shi. Waɗannan tsofaffin namu yaya za mu yi da su?

Nura_Kodin:
Haka ne Alhaji, tun 14 ga Oktoba 2025 tallafin da ake ba kowa ya ƙare. Windows 11 kuma a ƙa'ida daga ƙarni na takwas yake karɓa, da cip ɗin tsaro TPM 2.0, don haka T430 ba ta ciki ko wane furosesa aka sa mata. Za ta ci gaba da aiki, sai dai a yi hattara da intanet da filashin mutane, ko a koma Linux, wata manhajar da ake sawa a madadin Windows. Kuma wannan canjin furosesan da muke ta magana a kai ya kusa zama tarihi. Bayan ƙarni na huɗu, na 2013, kusan duk laftof an narka furosesan ne a jikin bod, ba gurbi ba kulli.

Yusufa_Almajirin_Gyara:
Shi ya sa maigidana yake cewa mu koyi aikin iska mai zafi da karanta zanen bod, domin nan gaba ba abin da za a riƙa zarewa da hannu.

Abba_Yelwa:
Malam Bappa, na gwada gurbin ƙasa shi kaɗai da sandar 8 GB. Ta tashi da dare, da safe ta ƙi, har ta yi ƙarar nan. Na mayar da ita ƙarƙashin kibod ta tashi nan take. Na kira yaron, ya ce shi ya kulle sukurun har ƙarshe, amma ya tuna ɗaya daga sukurorin ƙarfen sanyaya yana juyawa ba ya kamawa, ya bar shi haka.

Malam_Bappa_Domayo:
To hanyar gurbin ƙasa ce. Nura, ka ga sabuwar sanda ba za ta yi magani ba. Saura a san ko gurbin RAM ɗin ne ya saki, ko ƙafa ce, ko wannan sukurun da bai kama ba ya bar kusurwa ɗaya a sake.

Nura_Kodin:
Na ga haka, amma ban janye gaba ɗaya ba. Gurbin ƙasa shi ya fi shan ƙura da hannu, zai iya yiwuwa tun da can yana da rauni tsohon furosesan ne yake jurewa. A haska shi da tocila a duba 'yan ƙarafan ciki kafin a sake kwance kwamfutar gaba ɗaya.

Injiniya_Musa_Injamena:
Sukurun da ke juyawa ba ƙaramin abu ba ne, zai dawo maka ta hanyar zafi ko da ba shi ya hana tashi ba. In zaren ramin ne ya cinye sai an canza gindin, in na sukurun ne a ciro wani daga matacciyar kwamfuta.

Sani_Rumde:
Abba, ni ma ina Garwa, wajen Rumde Ajiya. Ina da T430 da allonta ya fashe, i5 ɗinta da fanka da sukurori duk suna nan, akwai kuma caja mai 90. Ka zo da taka da yaron da ya yi aikin, mu buɗe tare a kan tebur. Mu fara sake zaunar da i7 ɗin da sukuru mai kamawa, in ta ƙi mu sa nawa mu gani. Ka taho da man sanyaya, nawa ya ƙare.

Abba_Yelwa:
Allah ya saka Malam Sani. Ina da ɗaurin aure ranar Asabar, zan lallaɓa da 8 GB ɗin a gurbin ciki har in miƙa wa mutane aikinsu, ba na so a buɗe ta kafin nan. Ranar Litinin bayan la'asar za mu zo in sha Allah.

Malam_Bappa_Domayo:
Sani, in kun ɗaga furosesan ku ɗauki hoton ƙafafun ta gefe da na ramukan gurbin ku turo nan kafin ku mayar. Kuma kada ku yanke hukunci a ranar, ku bar ta ta kwana a kashe da sanda a gurbin ƙasa, da safe a kunna.